Mai Mota Da Makaniki A Birnin Kano

Duk wanda ya zauna a birnin Kano ya san wata al'ada ta masu mota. Idan mota ta lalace, yawancinsu ba su kan kai ta babban gareji su ce a gyara a kawo musu lissafi ba. Sai maigida ya sa a kira masa makaniki, ya zo har ƙofar gida da 'yar jakar sifanoninsa, ya buɗe, ya saurari kukan inji, ya faɗi abin da ya mutu. Sa'an nan maigida ya tafi kasuwa da ƙafarsa, ko ya aiki ɗansa, a sayo abin, makaniki ya ɗaura, a biya shi ladan hannunsa, kowa ya kama gabansa. Baƙo in ya ga haka ya kan zaci rowa ce, ko kuwa rashin yarda. Amma wannan al'ada tana da asali, asalin nan kuwa ya girmi mota da shekaru aru-aru. Shi mu ke so mu bi sawunsa a nan, mu ɗauki unguwar Koki ta zama madubinmu, gama unguwa ce ta masu fatauci tun zamanin jaki har zuwa zamanin tirela.

Kafin Zuwan Mota

Koki tana cikin ganuwa, ba ta da nisa da Kasuwar Kurmi wadda Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya kafa, shi ne ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Mutanen wannan sashi na birni da yawa fatake ne. A da su kan ɗaure kaya bisa jakuna, su bi madugu zuwa Gwanja neman goro, su yi watanni ba su ga gida ba. A cikin dajin nan babu wanda zai gyara wa mutum kayansa. In mangala ta ɓarke, ko akumari ya lalace, sai bafatake ya zaro basillarsa da igiyarsa ya zauna ya ɗinke, in ba haka ba ayari ya wuce ya bar shi. Saboda haka tun fil azal ɗan kasuwar Kano ya saba da sanin kayan aikinsa ciki da waje.

A gida kuma akwai wata al'ada da ta tafi daidai da wannan. Wanda ya ke son riga ya kan sayi saƙi da kansa, ya kai wa maɗinki. In yana son ta yi baƙi ya kai ta karofi, irin na Ƙofar Mata. Manomi ya kan nemo ƙarfe ya kai wa maƙeri a ƙera masa fartanya, mai doki ya sayi fata ya kai wa baduku. Kuɗin kaya dabam, ladan aiki dabam. Dalilin haka guda biyu ne. Na farko, mai sana'ar hannu ba shi da jarin da zai tara kaya ya ajiye yana jiran masu saye. Na biyu, mai kaya ya fi samun kwanciyar rai in shi ya zaɓa da idonsa, ya taya da bakinsa.

Masu sana'a kuma ba dukansu ke zaune a rumfa ba. Wanzami ya kan zo har zaure ya yi aski. Gyartai ya kan bi lungu lungu yana cigiya, mata su aiko masa da fasasshiyar ƙwarya, ya ɗinke ta nan take a ba shi ladansa. To, mai karatu ya riƙe waɗannan abu biyu, watau kai wa mai sana'a kayan aiki, da kiran mai sana'a gida, gama su ne za mu sake tararwa gaba sun sa rigar zamani.

Jirgin Ƙasa, Gyaɗa Da Mota

Turawa sun ci Kano cikin 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta iso cikin 1911, kashegarin shekara kuma, watau 1912, cinikin gyaɗa ya buɗe. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, ba su san manoma ba, tilas suka nemi fataken goro su saya musu. Wanda ya fi shahara cikin waɗannan shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji cikin 1877, ya yi fataucin goro a Gwanja da Ankara, sa'an nan ya zo ya gina gida a Sarari, jikin Koki. Cikin 1918 ya zama wakilin sayen gyaɗa na kamfanin Neja, wanda daga baya ya shiga cikin U.A.C. cikin 1929. Kafin rasuwarsa cikin 1955 ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma.

Da farko jakuna da raƙuma da takarkarai ke kawo gyaɗa bakin tashar jirgi. Amma jaki buhu nawa zai ɗauka? Da aka fara share hanyoyi sai motocin kaya suka shigo, masu yawa cikinsu ƙirar Ford, gama ba su da nauyi, suna iya bin hanyar burji. Nan ya kamata mu tsaya mu faɗi wani abu game da wannan mota. Cikin 1908 wani mutumin Amurka, Henry Ford, ya fito da wata mota mai araha, ya tsara ma'aikatarsa yadda kowane ƙarfe za a ƙera shi bisa awo guda, dubu bisa dubu. Fistin na wannan mota ya shiga waccan daidai, ba sai an goge ba. Wannan dabara ita ce uwar cinikin kayan gyara duka. Ba don ita ba, da babu yadda mutum zai sayi ƙarfe a rumfa ya kawo gida ya dace da motarsa.

Kamfanonin Turawa da Kwarori su suka fara mallakar motocin kaya a Kano, daga baya attajiran birni suka shiga. Alhaji Sanusi Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1997, yana cikin waɗanda suka haɗa sayen gyaɗa da sufurin mota. Amma a zamanin farko mai mota ɗan birni a ɗaure ya ke. Kayan gyara suna kantunan Turawa a bayan ganuwa, irin su U.A.C. da John Holt da C.F.A.O. da S.C.O.A. In babu abin a kanti sai a rubuta Ingila ko Faransa, ya zo ta jirgin ruwa zuwa Ikko, sa'an nan ya hau jirgin ƙasa ya yi tafiyar mil 700 zuwa Kano. Mota ta kan yi watanni a jingine bisa duwatsu, kaka ta wuce, gyaɗa ta tafi a bayan jaki. Masu gyaran kuma kaɗan ne. Yawancinsu sun koyi aiki ne a ma'aikatar jirgin ƙasa, ko ma'aikatar ayyuka ta Gwamnati da ta En'e, da yawa kuma mutanen Kudu ne mazauna Sabon Gari. Kamfani shi ke da kaya, shi ke da fita, shi ke yanka kuɗi. Wuƙa da nama duk suna hannu guda.

Abin Da Yaƙi Ya Koyar

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda mutane ke kira Yaƙin Hitila, ya tashi cikin 1939 ya ƙare cikin 1945. Jiragen ruwa suka koma jigilar soja, Jamus tana nutsar da waɗansu a teku. Cikin 1942 Japan ta gama cin ƙasar Malaya, inda roba mai yawa ke fitowa, taya ta zama abin nema ido rufe. Sabuwar mota ta yanke, kayan gyara suka yanke. Dole, in ji Hausawa, ƙanwar na ƙi ce. Mai mota uku sai ya kashe ɗaya, ya farke ta, ya rayar da biyu da kayan cikinta. Wanda motarsa ta mutu sarai kuma ya gane gawar ma kuɗi ce, ya sayar da ita gunduwa gunduwa. Abin da ba a samu ba aka kai wa maƙeri ya gwada ƙerawa. Ga mafarin cinikin kayan hannu.

Da yaƙi ya ƙare sojojinmu suka komo daga Bama, waɗansunsu sun koyi tuƙi da gyara a cikin soja. Aka sami direbobi da fitoci 'yan ƙasa fiye da da. Cikin shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe makarantun koyon sana'a, har da ta Kano, ana koyar da aikin inji. Duk da haka babbar makarantar gyaran mota ita ce hanya. Babbar mota ƙirar Bedford ko Austin, wadda kafintoci suka yi wa bodin katako, in ta tashi daga Kano zuwa Nguru ko Damagaram, ba ta kan tashi sai da jak, da sifirin na ajiya, da fambel, da kayan faci. In ta tsaya a dokar daji, direba da karen mota su za su shiga ƙarƙashinta. Yaro ya kan fara da sa waigi a taya da ɗebo ruwan lagireto, ya kai ga kwance kafireto, shekara biyar ko shida ya zama ko direba ko makaniki. Shi ne jikan bafataken nan mai basilla, shi ne kuma kakan makanikin da ke zuwa ƙofar gida yau.

Sabon Gari Da Ƙofar Ruwa

Waɗanda suka fara raba kamfanoni da cinikin kayan gyara su ne ƙananan 'yan kasuwa na Sabon Gari, yawancinsu Ibo. Su kan sari kaya da yawa su sayar ɗai ɗai, ana tayawa ana ragewa, abin da ba a yi a kantin Bature. Da haka mai mota ya sami zaɓi karo na farko, ya iya sayen fulogi a nan, ya kai wa mai gyara a can.

Cikin 1966 aka yi tashin hankali mai muni a garuruwan Arewa, aka yi hasarar rayuka masu yawa, mutanen Gabas suka koma ƙasarsu. Yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. Rumfuna da garejoji da yawa suka zama kango, motoci kuwa ba su daina lalacewa ba. Samarin Kano waɗanda da su ke yaran gareji tilas suka ɗauki sifana suka zama iyayen gidan kansu, waɗansu kuma suka shiga saye da sayar da kayan. Bayan yaƙi Ibo da yawa suka komo suka ci gaba da cinikinsu, sana'ar ta zama ta kowa da kowa. Sannu a hankali kasuwar Ƙofar Ruwa, a arewacin birni, ta cika ta batse da masu kayan mota, da masu walda, da masu wayarin, da masu buga jiki. Ga mutumin Koki wannan babban sauƙi ne, gama abin da da sai ya fita birni ya nemo, yanzu ga shi kusa da gida.

Shekarun Arzikin Man Fetur

Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta sake hannun tuƙi daga hagu zuwa dama. Ran 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. A shekarun nan ne gyaɗa ta faɗi, fari ya buge ta cikin 1973, cuta ta ƙarasa ta cikin 1975, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano. Amma kuɗin man fetur ya shigo kamar ruwan sama. Ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin Udoji cikin 1975, malamin makaranta da akawu suka shiga sahun masu mota.

A shekarar nan ta 1975 aka fara haɗa motar Peugeot a Kaduna, wadda jama'a ke kira Fijo, aka fara haɗa Volkswagen a Ikko. Aka kafa ma'aikatun manyan motoci, ta Fiat a Kano, ta Steyr a Bauchi. Fijo 504 ta cika ƙasa, ita ce motar ofis, ita ce tasi, ita ce motar zuwa ƙauye. Yawanta ya zama rahama ga masu ita, domin babu makanikin da bai san cikinta ba, babu garin da za a rasa kayanta. Naira kuma tana da ƙarfi, sabon kaya na kamfani ba shi da tsada. A wannan zamani mai hali ya kan tura direba ya kai mota garejin kamfani, ya biya lissafi ko dubawa bai yi ba. Al'adar sayen kaya da kai ta yi sanyi, sai ga masu motocin haya da ke ƙidaya kwabo.

Da Naira Ta Faɗi

Daɗin nan bai daɗe ba. Kuɗin mai ya faɗi a kasuwar duniya tun farkon shekarun 1980. Cikin 1986 Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, aka saki naira. Cikin 1985 naira ɗaya ta ɗan ɗara dalar Amurka, kafin ƙarshen 1987 sai an ba da wajen naira 4 a sami dala ɗaya, daga nan kuma ta yi ta gangarawa. Ma'aikatun haɗa motoci da ke sayo kayansu daga waje suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci.

Sai aka juya ga tsofaffin motocin Turai. A kan loda su a tashar jirgin ruwa ta ƙasar Beljiyam, a sauke a Kwatano ko Ikko, a turo su Arewa. Tare da su aka riƙa kawo injuna da giya da ƙafafu na motocin da aka farke a can. Shi ya sa har yau a ke ce wa irin wannan kaya Beljiyam, ko da daga Jamus ko Japan ko Amurka ya fito. A gefe guda kuma sababbin kaya masu araha suka shigo daga Taiwan, daga baya daga Sin, aka kuma fara ƙera waɗansu a garin Nnewi.

Daga nan ƙarfe guda ya zama yana da aji uku a kasuwa. Akwai sabo na kamfanin da ya ƙera motar, shi ya fi tsada. Akwai na Beljiyam, na asali ne amma ya yi aiki, ba wanda ya san iyakar sauran kwanansa. Akwai kuma sabo na kwaikwayo, cikinsa da mai kyau da jabu, wani ma an sa shi cikin kwali mai tambarin na asali. To, a nan ne magana ta lalace tsakanin mai mota da makaniki. In aka ba makaniki kuɗin na asali, me zai hana ya sayo na kwaikwayo ya riƙe ragowar? Ko ya wanke tsohon da fetur ya mayar ya ce sabo ne? Masu amana suna da yawa cikinsu, amma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Sai masu mota suka koma ga al'adar kakanninsu, kuɗin kaya dabam, ladan aiki dabam. Makanikai da yawa ma sun fi son haka, gama ba su da jarin saye, kuma sun huta da zargi.

Waya Da Babur

Abin da ya ƙarasa fito da makaniki daga gareji shi ne wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya cikin 2001, da kuma babura masu araha da suka cika gari a shekarun nan. Da, in mota ta ƙi tashi da safe, sai a tara yara su tura, ko a nemi igiya a ja ta. A unguwa irin Koki, inda lunguna ke da ƙunci, wani ma mota ɗaya ba ta juyawa a cikinsa, jan mota aiki ne ja. Yanzu kuwa sai a buga waya, kafin a gama karin kumallo ga makaniki bisa babur. Saurayin da ya gama koyon aiki ba shi da kuɗin kama fili, jakarsa da wayarsa su ne garejinsa. Ba ya biyan haya, saboda haka ladansa ya kan yi sauƙi. Masu A Daidaita Sahu, wanda aka fara a Kano cikin 2005, suna cikin masu yawan kiransa, gama wanda ya ke biyan balas kullum ba ya iya barin abin hawansa ya kwana a gareji.

Motocin su ma sun sake hali. Tun 1996 dokar Amurka ta tilasta a sa wa kowace ƙaramar mota wata kafa da a ke jona na'ura a karanta abin da ke damun inji, Turai ma ta bi baya. Motocin da a ke kawo mana yanzu kwamfuta ke sarrafa mansu da wutarsu. Kunne da sifana kaɗai ba su isa ba, sai ga waɗansu samari suna yawo da 'yar na'urar nan a aljihu, aikinsu ke nan su gano cuta a biya su. Matsi kuma ya ƙaru. Daga 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jirgin ruwa. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, bayan haka aka sake sakin naira, har dala ɗaya ta wuce naira 1,500 cikin 2024. Tun da kusan kowane ƙarfen mota da dala a ke sayo shi, mai mota ya ƙara buɗe ido bisa kowane kwabo.

Ina Riba, Ina Hasara?

Bari mu yi misali domin a ga yadda lissafin ya ke. Mu ce wani ƙarfe kuɗinsa naira 20,000 a kasuwa, ladan ɗaura shi kuma naira 5,000. In an bar wa gareji duka, mai gareji zai ɗora ribarsa bisa ƙarfen, ya ɗora kuɗin haya da na yaran da ya aika, wataƙila lissafi ya kai 32,000. Wanda ya sayo da kansa ya kira makaniki gida ya kashe 25,000, ya tsira da 7,000. Amma a ce ya yi kwaɗayin araha ya sayo jabu a 12,000, bayan wata biyu ya mutu. Zai sake sayen na kirki a 20,000, ya sake biyan ladan aiki, jimla ya kashe 42,000. Garin gyaran gira ya rasa ido. Wannan ma in ƙarfen bai ja wa wani ƙarfe lalacewa ba ke nan.

Akwai kuma maganar alhaki. In gareji ya sayi kaya ya ɗaura, abin ya ƙi, wuyan mutum ɗaya za ka kama. In kai ka sayo, makaniki zai ce kayanka ne ba kyau, mai rumfa ya ce makanikinka ne bai iya ɗaurawa ba, kai kuwa kana tsakiya. Saboda haka waɗanda suka daɗe cikin harkar nan suna da ka'idodi da su ke bi, ga waɗansu daga ciki.

Su kan tafi kasuwa da tsohon ƙarfen a hannu, a aza shi kusa da sabon a gwada, gama mota iri ɗaya ta kan sake awo daga shekara zuwa shekara. Su kan rubuta lambar da ke jikin ƙarfen, da lambar jikin motar, wadda a yawancin motocin Turai da Amurka haruffa da lambobi 17 ce. A nan wanda ya iya karatu ya yi wa wanda bai iya ba nisa. In kayan Beljiyam ne, musamman inji ko giya ko abin wuta, su kan yi sharaɗi da mai rumfa tun kafin a biya, kwana kaza na gwaji, in bai yi ba a musanya, a kuma rubuta haka a rasit. Su kan yanke ladan aiki tun ba a kwance ƙusa ko ɗaya ba, domin ciniki bayan an zubar da inji a ƙasa ba ciniki ba ne. Su kan tsaya a ɗaura a gabansu, a miƙo musu tsohon. In makaniki ya raka su kasuwa, sun san mai rumfa ya kan ba shi la'ada, la'adar kuwa cikin kuɗinsu ta ke, don haka su kan taya rumfa biyu ko uku kafin su saya.

Akwai abubuwan da mai hankali ba ya yi musu rowa. Birki da taya rai ne a kansu. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga 1219, an yi ta a mako na 12 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa, ko da zanenta bai cinye ba, zafin kwaltar bazara ya kan fasa ta. Haka kuma baƙin mai. Wanda a ke aunawa a kwalba a bakin titi ba a san asalinsa ba, ragowar da aka samu a kansa kuwa ba ta kai kuɗin ringi da fistin ba. Araha ba ta ado.

Ba kowane aiki kuma ya dace da ƙofar gida ba. Sake fulogi, ko batir, ko fambel, ko takalmin birki, ko juye, duk ana iya yinsu a gindin bishiya. Amma sauke inji da buɗe giya suna bukatar wuri mai tsabta da abin ɗagawa, gama ƙurar hunturu in ta shiga cikin inji a buɗe ita ce ajalinsa. Daidaita ƙafafu kuma sai da ma'auni. Wanda aka yi wa juye a ƙofar gida ya tuna da maƙwabta, ya sa a tari tsohon mai a galan. In aka tuttular da shi a kwata, Jakara zai nufa, ruwan Jakara kuwa da shi a ke ban ruwan lambuna a bayan gari.

In mun duba tarihin nan daga farko, za mu ga al'adar sayen kaya da kai ta kan yi ƙarfi lokacin tsanani, kamar zamanin Yaƙin Hitila da bayan 1986, ta kan yi sanyi lokacin yalwa. Za mu ga kuma ba kowa ta ke yi wa amfani ba. Bafataken da ya kai saƙi wurin maɗinki ya san saƙi, in ya shafa ya san mai kyau. Wanda zai sayi kayan mota da kansa shi ma sai ya koyi sanin kaya, in kuwa bai sani ba ya nemi makaniki guda mai amana ya riƙe shi, ya biya shi ladansa da kyau, kada ya matse shi har ya sa shi neman cikon abincinsa a cikin kuɗin kaya. Attajiran Koki na da sun tara abin da suka tara ne ta wurin rubuta kowane kwabo da kuma riƙe mutanen da suka gwada suka ga amanarsu shekara da shekaru. Allah ya ba mu masu gyara na gari, ya kiyaye mu da hatsarin hanya, amin.